Barin Gida Maganin Talauci Ne? Gardamar da Turawa Suka Riga Mu Yi

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon malamin tarihi, ya gabatar a zaman dattawa da wakilan ikilisiyoyi. Mun buga shi kamar yadda ya miƙo mana.)



An ce in yi magana a kan shawarar da ke gabanmu, watau ko ya kamata ƙungiya ta ware wani kaso daga asusun taimako domin ba matasanmu rancen kuɗin tafiya, su je neman aiki a Kudu ko a ƙasashen waje. Tun jiya nake jin gardamar a gindin bishiya. Wasu suna cewa gida biyu maganin gobara, a bar yaran su tafi. Wasu kuma suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in kuwa suka watse, wa zai riƙe majami'a, wa zai haƙa mana kabari? Ni tarihi na koyar har na yi ritaya, shi kaɗai na iya. Abin da na kawo muku shi ne, Turawan Birtaniya sun yi wannan gardama shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma da yawa cikin masu gardamar mutanen ikilisiya ne kamarmu. Tun da mun san ƙarshen nasu labarin, da tsohuwar zuma ake magani.

A shekara ta 1815 aka gama yaƙi da Napoleon na Faransa. Aka sallami sojoji dubbai suka koma gida ba aiki, farashin amfanin gona ya faɗi, masu gonaki suka rage 'yan ƙodago. A Ingila kuwa, tun dokar 1601, kowane yankin ikilisiya shi yake ɗauke da matalautansa: ana karɓar haraji daga masu gida da gona, a ciyar da waɗanda ba su da shi. Zuwa 1818 abin da ake kashewa ya kai kusan fam miliyan 8 a shekara. Masu biya suka fara gunaguni.

Sai wani mutum ya fito, Robert Wilmot-Horton, ƙaramin minista a ofishin ƙasashen da Birtaniya ke mulka tun 1821. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ya ce mutumin da ba shi da aiki, za a yi ta ciyar da shi da iyalinsa shekara da shekaru. Ai gara yankin ya ci bashi sau ɗaya, ya biya masa jirgin ruwa zuwa Kanada, a ba shi gona. Shi ya huta da yunwa, masu haraji sun huta da shi, waɗanda suka rage kuma ladan aikinsu zai tashi domin hannuwa sun ragu. Ku lura, kusan wannan ne lissafin da ke cikin takardar da aka raba mana jiya.

An kuma gwada. A 1823 wani jami'i mai suna Peter Robinson ya kwashi mutum 568 daga kudancin Ailan zuwa Kanada, a 1825 ya sake kwasar 2,024 a jirage tara. Masu neman gurbi a tafiya ta biyu sun kai wajen 50,000. An ba kowane magidanci eka 70, da saniya, da kayan aiki, da abincin da zai kai shi girbi. Yawancinsu sun kafu, garin Peterborough na Kanada ma daga sunan mutumin nan ya samo suna. Amma kowane rai ɗaya ya ci wa gwamnati sama da fam 20, kuɗi mai nauyi a lokacin. Wannan shi ne abu na farko da nake so mu riƙe: tafiyar da ta yi albarka, an kashe mata kuɗi ƙwarai, an kuma raka mutanen har inda za su. Da majalisa ta ga tsadar, sai ta ja da baya, ko da yake Horton ya shugabanci kwamiti a kan batun a 1826 da 1827.

A gaban kwamitin nan ne aka kira Thomas Malthus a 1827. Limami ne na ikilisiyar Angalika, wanda tun 1798 ya rubuta cewa mutane suna ƙaruwa da sauri fiye da abinci. Ra'ayinsa shi ne ƙaura tana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma gurbin da aka bari zai sake cika: bukkar da wani ya bari, wani saurayi zai shiga ya yi aure da wuri, a haifi waɗansu matalautan. Kamar mai kwashe ruwa daga rijiya ne, da safe ya tarar ta kawo.

William Cobbett, ɗan manomi kuma ɗan jarida mai kaifin baki, ta wata hanya ya ɓullo. Ya ce ƙasar ba ta rasa abinci ba, rabo ne ya karkace. In lalle sai an kwashe wasu, to, a kwashe masu cin kuɗin gwamnati ba aikin fari ba na baƙi, har da limaman da ke karɓar zakka daga ikilisiyoyin da ba sa zama a cikinsu, a bar mai noma a kan ƙasarsa. Iyayenmu fastoci ku yi haƙuri, ba ni na faɗa ba. Abin dariya kuma, shi Cobbett ɗin sau biyu ya je ya zauna a Amurka, har a 1829 ya wallafa littafin jagora domin masu ƙaura. Abin da ya ƙi shi ne a tattara talakawa a fitar da su domin masu kuɗi su huta. Michael Sadler, wanda ya tashi cikin Metodis, ya rubuta littafi a kan Ailan a 1828, ya ce ciwon ƙasar shi ne masu filaye da ke zaune a Landan suna karɓar kuɗin haya ba su taɓa ganin gonakin ba, alhali ga ƙasa kwance ba a nomawa. Daga baya wani ɗan majalisa, Charles Buller, ya kwatanta shirin Horton da kwashe matalauta da shebur, sunan kuwa ya bi shi.

To, wa ya yi gaskiya? Ailan ce ta ba da amsa, amsa mai ɗaci. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin da talakan ƙasar ya dogara a kansa. Tsakanin 1845 da 1852 wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya suka bar ƙasar. A 1847 aka yi doka cewa duk mai riƙe da fili fiye da rubu'in eka ba zai sami taimakon abinci ba sai ya saki filin. Mutane suka saki gonakinsu domin kwanon abinci, ba su kuma sake samunsu ba. Wasu masu filaye suka yi lissafi suka ga biyan kuɗin jirgi ya fi ciyarwa araha. Wani Manjo Denis Mahon na Strokestown ya tura kusan mutum 1,500 Kanada a shekarar, a jiragen da ba su dace ba, ɗaruruwa suka mutu da zazzaɓi a hanya da wurin sauka. Kafin shekarar ta ƙare aka harbe shi. A tsibirin Grosse Île kaɗai, inda ake tsare masu sauka domin duba lafiyarsu, an binne sama da mutum 5,000 a 1847.

Duk da haka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: waɗanda suka tsira sun ceci na gida. A farkon shekarun 1850 kuɗin da 'yan Ailan ke aikowa daga Amurka ya wuce fam miliyan ɗaya a shekara. Yawanci 'yan aikin gida ne da masu haƙa hanya, suna tara sisi da kwabo. Ɗaya ya tafi, ya aiko wa ƙanensa tikiti, shi ma ya aiko wa na bayansa. Abin da talakawa suka yi wa junansu ya fi duk abin da gwamnati ta yi nesa ba kusa ba.

Malthus kuwa bai ci gardamar ba, gama gurbin bai cika ba. A 1841 mutanen Ailan sun haura miliyan 8. A 1851 sun koma miliyan 6 da rabi, a 1911 miliyan 4 da dubu 400. Har yau tsibirin bai koma yawan da yake a 1841 ba. Shi ma Horton bai ci ba. Ladan aiki ya ɗan tashi ga waɗanda suka rage, amma fita ta zama al'ada, uwa tana renon ɗa tana sane cewa na jirgi ne. A shekarun 1950 ma wajen mutum 400,000 suka bar Jamhuriyar Ailan. Ƙasar ba ta juya ba sai bayan da ta mai da karatun sakandare kyauta a 1967, ta shiga Tarayyar Turai a 1973, masana'antu suka shigo. A shekarun 1990 ne 'ya'yanta suka fara dawowa da yawa. Ƙaura ta ceci iyalai, ƙasar kuwa makaranta da aiki ne suka tashe ta.

Yanzu bari in kai ku tsaunukan Sikotilan, gama labarinsu ya fi kama da namu. Mutane ne 'yan tsiraru masu harshensu dabam, suna zaune a kan ƙasar kakanninsu amma takardar mallaka tana hannun wasu. A farkon ƙarni na 19 masu filayen bakin teku suna samun riba mai yawa daga wata ciyawar teku da ake ƙonawa, a yi sabulu da gilashi da tokarta. Aikin yana bukatar hannuwa. Da talakawa suka fara tafiya Amurka da Kanada da kuɗinsu, sai masu filaye suka goyi bayan dokar 1803 wadda ta tsaurara sharuɗɗan jiragen fasinja. A baki, domin lafiyar matafiya ne. A aikace, kuɗin jirgi ya yi tsadar da talaka ba zai iya ba. A shekarun 1820 farashin tokar ya faɗi, tumaki suka fi mutane riba. Sai ga masu filayen nan, ko 'ya'yansu, suna cewa ƙasar ta cika, ƙaura ce kaɗai magani. A 1851 Kanar John Gordon ya kwashe mutane daga tsibiran Barra da South Uist zuwa Kanada, wasu da ƙarfi aka sa su a jirgi. Shi ya sa duk lokacin da na ji babban mutum yana cewa ku tafi, ko yana cewa ku zauna, nakan tambayi kaina, shi me zai samu?

Ina ikilisiya take a lokacin? A nan ne abin kunya. Masu filaye ne suke da ikon zaɓen limamin yanki, saboda haka limamai da yawa suka yi shiru, har aka zargi wasu da gaya wa mutane cewa korar hukuncin Allah ne saboda zunubansu. Mutanen ba su manta ba. A 1843, sa'ad da limamai sama da 450 ƙarƙashin Thomas Chalmers suka fice suka kafa 'Yantacciyar Ikilisiya, suka bar albashi da gidajensu, mutanen tsaunuka suka bi su kusan gaba ɗaya. Masu filaye suka hana su wurin gina majami'a. Suka yi ta sujada a fili cikin sanyi da ruwa. A Strontian, da aka ƙi ba su ko taki ɗaya, sai aka tara kuɗi aka ƙera majami'a ta ƙarfe mai iyo, aka jawo ta aka kafa a kan ruwa a 1846, masu sujada suna zuwa da kwalekwale. Ba sai na fassara wa wasunku wannan ba, ku da kuka yi shekaru kuna bin takardar fili. Waɗannan da suka zauna suka jure, jikokinsu ne suka matsa har aka yi dokar 1886 da ta hana a kori ƙaramin manomi daga gonarsa haka kawai. Da duka sun tafi, da babu wanda zai karɓi wannan haƙƙi.

Akwai kuma wanda ya tafi da garkensa. Norman McLeod ya bar Sikotilan a 1817, ya kafa ikilisiya a St Ann's ta Kanada, da yunwa ta same su a can kuma suka sassaƙa jiragensu da hannunsu suka bi ta Ostireliya har Waipu a Niyu Zilan a shekarun 1850, mutum ɗari takwas ko fiye. Sun tafi tare, da mai wa'azinsu, da harshensu.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba shi ne yara. Daga 1869 ƙungiyoyin jinƙai, yawancinsu na masu bi, suka fara tura yaran talakawa Kanada, har suka kai wajen 100,000. Niyyar mai kyau ce. Amma da yawa ba marayu ba ne, kuma da aka raba su gonaki babu mai komawa ya duba su yadda ya kamata. Tun 1875 wani sufeto, Andrew Doyle, ya yi kashedi, aka ci gaba. An kuma tura wasu Ostireliya har bayan yaƙin duniya na biyu. Sai a 2009 firaministan Ostireliya ya nemi gafara, na Birtaniya ya bi a 2010. Iyayenmu mata, ku tuna da wannan duk ran da wani ya zo da murmushi ya ce a ba shi yarinya ya kai ta birni aikin gida, zai sa ta a makaranta.

Kada kuma wani ya fita ya ce dattijo ya la'anci tafiya. Rowland Bingham, yaron Ingila ne da mahaifinsa ya rasu ya bar iyali cikin rashi, ya haye Kanada yana saurayi. A can ya haɗu da iyalin Walter Gowans, su ma daga Sikotilan suka yi ƙaura. Su biyu da Thomas Kent suka sauka Legas a 1893 da nufin kawo bishara ƙasar nan. Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, a 1894. Daga wannan iri SIM ta tsiro, daga ita kuma ECWA. Da yawa cikinmu a nan, ta hannun 'ya'yan masu ƙaura muka ji sunan Yesu.

Mu ma ba baƙin tafiya ba ne. Iyayenmu sun yi cin rani, sun je haƙar kuza a Jos, sun je gonakin koko a Kudu da Gwanja. Bambancin shi ne ɗan cin rani yana barin gonarsa tana jiransa, da ruwan fari ya dawo. Mun kuma ga yadda ƙofa take rufewa: Gana ta kori baƙi a 1969, mutanenmu suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka, mu ma muka rama a 1983. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2017 duniya ta ga hoton yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya. Wannan masifa ba ta tambayar addini, 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suna cikinta kamar namu. A ikilisiyarmu akwai gidan da ya sayar da fadamar gado ya ba wani dillali domin ya kai ɗansu Turai. Yaron ya dawo bayan shekara biyu, mun gode wa Allah da ransa, amma yanzu ƙodago yake yi a fadamar ubansa.

Na bincika Littafi Mai Tsarki ko zan sami doka guda da za ta raba gardamar, ban samu ba. A Farawa 12 yunwa ta kai Ibrahim Masar, ya dawo da dukiya amma sai da tsoro ya sa ya ɓoye gaskiya a kan matarsa. A sura 26 yunwa ta sake zuwa, Allah ya hana Ishaku zuwa Masar, ya yi shuka a inda yake ya girbe riɓi ɗari. A sura 46 Allahn nan ɗaya ya ce wa Yakubu ya tafi. Elimelek ya bar Baitalami saboda yunwa, shi da 'ya'yansa biyu suka mutu a Mowab. Amma ku karanta Rut sura 4 da kyau: sa'ad da Na'omi ta dawo hannu wofi, akwai filin mijinta da dangi za su fansa, a kan filin nan ne gidan ya sake tsayawa.

Saboda haka ga inda na tsaya, ku kuma ku auna. Ban yarda mu hana rancen gaba ɗaya ba, gama yaron da ya ƙudura zai tafi ko mun ba shi ko ba mu ba shi ba, in kuwa muka juya masa baya, dillali ne zai karɓe shi. Amma kada kwabo ɗaya na asusun ya fita sai ga wanda ya kai shekaru, yana da sana'a ko takardar karatu a hannu, ya san wurin da za shi da wanda zai sauke shi, ya kuma bi hanyar da doka ta yarda. Ya tafi da wasiƙar fastonsa zuwa wata ikilisiya a can, dattijo ɗaya kuma ya ɗauki nauyin jin labarinsa kowane wata. Gona kuwa, kada ta zama jingina, kada ta zama kuɗin mota. In iyali sun matsu, ikilisiya ta riƙe musu ita aro, ta noma, ta ajiye.

Abin da ya fi damuna shi ne kaso. Takardar ta ce rabin asusun. In muka ba da rabi domin fita, me muka ware domin wanda ya ce zai zauna? Injin ban ruwa ɗaya, ko kuɗin koyon walda, ko kuɗin jarrabawar yarinyar da ta makale a aji shida, duk ba su kai abin da dillali ke karɓa ba. Mu kuma 'yan kaɗan ne. Ikilisiya mai mutum dubu ba za ta ji tafiyar matasa goma ba. Mai mutum arba'in, in goma suka tafi, ƙungiyar mawaƙa ta mutu, makarantar Lahadi ta mutu, kuma ran da za a je ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali ko izinin gini, tsofaffi ne za su je da sanda.

Shugaba, kafin a kaɗa ƙuri'a ina roƙon abu ɗaya. Kowane sakataren ikilisiya ya koma ya buɗe littafin baftisma na shekara goma sha biyar da suka wuce, ya rubuto mana mutum nawa suke gida, nawa suka tafi, ina suke, nawa ne muke jin labarinsu, gonaki nawa kuma aka sayar saboda tafiya. Na yi na ikilisiyarmu a makon jiya, akwai sunaye bakwai da ko iyayensu ba su iya gaya mini garin da suke ba. A kawo lissafin a zama na gaba, mu yanke shawara a kansa. Sunayen bakwai ɗin suna hannuna, zan miƙa wa Baba Rabaran domin a sa su cikin addu'ar rufewa.

Ubangiji ya ba mu hikima.